Idan Baƙuwa Ta Nemi Buta

Assalamu alaikum, ɗiyata Lubabatu.

Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin lafiyar jiki da kwanciyar rai, kina kan sallarki, kina kan karatunki. Mu nan Ƙaura lafiya lau muke. Babanku lafiya, ƙannenki lafiya, Kaka ma ƙafar ta yi sauƙi. An yanke gero, dawa ta kusa. Labarin gida ke nan, ba zan ƙara a kai ba, don ba shi ya zaunar da ni da biro ba.

Ran da kika kira ni sabis yana ɗaukewa yana dawowa, amma na tsinci abin da na tsinta. Kin ce jami'arku ta shiga jerin jami'o'in duniya da aka yaba, za a yi biki, manyan baƙi za su zo daga nesa. Kin ce an zaɓe ki cikin ɗaliban da za su zagaya da baƙi mata. An tara ku an gaya muku inda za ku bi da su, laburare da sabon ɗakin gwaje-gwaje da babban ɗakin taro, kuma duk wadda ta tambaye ku yadda kuke zaune ku ce komai lafiya. Alhali a ɗakunan kwananku famfo ya daɗe a bushe, kuna bin 'yan ga-ruwa, makewayi kuma ba ya shiguwa. Sannan abokiyar ɗakinki Jamila da wasu suna so ki karkato da baƙin zuwa can, su jera bokitai babu ruwa, su ɗauka a waya su watsa wa duniya. Kika ce, "Inna, wanne zan yi?" Na buɗe baki ke nan sabis ya ɗauke. Na fita har ƙofar zaure ina ɗaga waya sama kamar mai kiran kaji, bai dawo ba. Daga baya na gode wa Allah da ya ɗauke. A waya ke "to Inna, to Inna" kawai kike yi, hankalinki yana wani wuri. Takarda kuwa sai kin zauna kin karanta, kuma ba za ki iya ce mata caji ya ƙare ba.

Kafin komai, barka. Ina so ki fara jin wannan daga gare ni, don na san ki, kina ganin Inna ba ta iya komai ba sai faɗa. Na yi murna, Luba. Ina tankaɗe a tsakar gida rediyon Babanku ya faɗi sunan makarantarku. Na saki rariya na rangaɗa guɗa ni kaɗai, har awaki suka watse. Ni da ko a bikin ƙannena ban taɓa guɗa ba, don ina ganin rashin kamun kai ne. Kafin la'asar mata sun fara shigowa yi mini barka kamar wadda ta sauka, dole na dama fura. Kaka ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a bakin ƙofa, duk wanda ya zo wucewa sai ta tsayar da shi ta gaya masa jikarta ta ci jarrabawar duniya. Na je na yi mata bayani a hankali cewa makarantar aka yaba, ba ke ba. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "To wa ke cikin makarantar in ba ɗiyar ga ba? Bango aka yaba?" Na koma kan tankaɗena.

Amma ke kada ki ɗauki maganar Kaka ki ɗora a kai. Ba ke aka yaba ba. Malaman da suka yi shekara da shekaru suna bincike da rubuce-rubuce, wasu tun ba a haife ki ba, su suka jawo wannan suna. Ke zuwa kika yi kika tarar. Kuma ban manta ba, akwai darasin da kika haye da ƙyar zangon da ya wuce. Jerin duniya bai goge shi ba.

Baffanki na Shinkafi shi ne abin kallo. Mutumin da ya zauna a zauren gidan nan ya ce ɗiya mace ba ta da abin yi a jami'a, ga hanya ba lafiya, ga garin da ba mu da kowa, yau shi ne a kasuwar dabbobi yana bin dillalai yana nuna musu hoton ƙofar makarantarku a wayarsa. An ce har wani baƙo daga Nijar da ya zo sayar da raƙumi ya tsare, bai bar shi ba sai da ya yi masa bayanin jerin duniya tun daga farko. Babanku ya dawo yana ba ni labari yana dariya har da share hawaye.

Sai dai kada dariya ta mantar da ke sharaɗin da aka kafa a zauren nan ran da aka amince ki tafi. Baffa ya ce ya yarda, amma duk ranar da aka ji sunanki cikin wata hayaniya, ko aka ga fuskarki tana yawo a wayoyin mutane, ranar za ki kwaso kayanki ki dawo. Babanku ya amsa masa a gaban mutane, kuma kin san Babanku ba ya tsallake maganar yayansa. In hakan ta faru ba ni da bakin da zan tare miki. Kuma ba ke kaɗai ba ce. Ƙanwarki Maryam tana ajin ƙarshe na sakandare, ƙofar da kika buɗe take kallo. In aka rufe ta a kanki, an rufe a kanta.

To ga shi an sa ki a tsakiya. Wasu na so ki yi ƙarya, wasu na so ki yi tonon silili. Ni na taɓa yin duka biyun, kowanne a lokacinsa, na kuma ga abin da kowanne ya haifa. Don haka ki gyara zama.

Ina ajin ƙarshe a sakandaren 'yan mata ta kwana makarantarmu ta ciyo kofi a gasar kacici-kacici, aka ce manya za su zo taya mu murna. Ni ce mai kula da ɗakin cin abinci. Aka shafa farar ƙasa a gindin itatuwa da duwatsun bakin hanya, aka aro tukwanen fulawa daga gidajen malamai. Ranar shinkafa da nama aka dafa, mu da muka saba da wake tsululu wanda ƙwari ke iyo a kansa. Cikin baƙin akwai wata mata mai farin gilashi. Ta ja ni gefe, ta dafa kafaɗata, ta tambaye ni a hankali ko haka muke ci kullum. Babu kowa kusa da mu, shugabar makaranta tana can nesa tana nuna kofi. Na ce mata eh, haka muke ci, wani lokacin ma ya fi haka. Har yau ban san inda na samo "ya fi haka" ba, ba wanda ya koya mini shi, ni na ƙara don in burge. Ta ɗan jima tana kallona, ta ce madalla, ta wuce. Na kwana ina jin na yi wa makarantata hidima. Washegari wake ya dawo da ƙwarinsa. Ni na gama na fita, ƙananan yaran da na bari suka ci gaba da ci. Sai da na girma na gane matar nan ba don hira ta ja ni gefe ba. Ta ga ƙasusuwan wuyan 'yan aji ɗaya, tana neman wanda zai ba ta maganar da za ta riƙa ta tafi da ita, ni kuma na sallame ta hannu biyu babu komai.

Saboda haka kada ki yi ƙarya don makaranta. Makarantar da duniya ta yaba ba ta buƙatar ƙaryar ɗiyar Ƙaura kafin ta tsaya da ƙafafunta. Kuma ban taɓa jin malamin da ya ce ana ɗage zunubin ƙarya ranar biki ba.

Na biyun, wato tonon silili, a gidan nan na yi shi, ranar sunan Bashir da kike bi. Gida cike da mata, danginmu daga Zurmi, dangin Babanku daga Shinkafi. Lokacin ɗakina yana yoyo, duk damina ina jera kwanoni a ƙasa. Na yi magana an ce za a gyara, ba a gyara ba. Ni kuma ina jin kaina 'yar sakandare mai faɗin gaskiya, ga abin matar nan mai gilashi yana cina tun tuni, na yi wa kaina alkawari ba zan ƙara rufa abin da bai kamata a rufa ba. Ina zaune bakin gado da jariri sai wata gwaggon Babanku ta ce ai na yi sa'ar gida. Na ɗaga kai na nuna mata rufi na ce, "Sa'a kam, har kan gado ake kawo mini ruwa, ba sai na je rijiya ba." Mata suka kwashe da dariya. Kaka, mahaifiyar Babanku, wadda lokacin take da ƙarfinta, tana tsaye bakin ƙofa da ƙwaryar fura ta kawo wa baƙina. Ba ta yi dariya ba. Ta ajiye ƙwaryar ta fita.

An gyara rufin kafin in gama wankan jego. Amma Kaka ta daɗe ba ta ci abin hannuna ba. In na gaishe ta takan amsa, ba ta ƙarawa ba ta ragewa. Sai da aka haife ki tukuna ta sake da ni. Maganar da na yi gaskiya ce, ba wanda ya ƙaryata ni. Amma na faɗe ta ranar farin cikin mutane, a gaban baƙi, ga wadda ba ta da ikon gyara komai, kuma don a yi dariya na faɗa. Ashe ma Babanku ya riga ya yi magana da magini, yana jiran a kawo amfanin gona gida. Rufin da na samu dama zan same shi. Abin da na zubar a ɗakin nan kuwa sai da na yi shekaru ina kwashewa da cokali.

Abin da Jamila take so ki yi ke nan. Ban ce yarinyar banza ba ce. Duk wanda ya yi ta jigilar bokiti kafin ya shiga aji zuciyarsa za ta yi zafi, kuma tana da gaskiyarta. Amma ki tambaye ta fuskar wa za ta fito a bidiyon. Ita tana bayan waya. Ke ce a gaba tare da baƙi, sanye da anko, sunanki rataye a ƙirji. Kafin ki cire takalmi bidiyon ya iso kasuwar Shinkafi, kuma dillalan da Baffa ya dama da hoton ƙofa su za su fara kai masa.

To in ba ƙarya ba, ba tonon silili ba, sai me? Wannan a wurin Gwaggo Hassi na gani, yayar mahaifina, Allah Ya jiƙan ta.

Lokacin da Kawunki ya ga yarinya a Zurmi, ni da Gwaggo aka tura mu je ganin gida. Ke ba ki san wannan ba, don ku yanzu a waya kuke ganin komai. Manyan mata in za su je gidan da ake son ɗauko ɗiya ba sa cewa bincike suka zo. Gaisuwa suka zo. Za a shimfiɗa musu sabuwar tabarma a ɗakin da ya fi kowanne, a kawo fura a ƙwaryar da ba a saukewa sai don baƙi, kuma kowa ya sani rabin abin da ke jere a ɗakin na maƙwabta ne aka aro. Ba mai jin haushi, girmama baƙo ne. Sai an sha fura, an taɓa hira, an tambayi damina, sannan babbar cikinsu ta gyara zama ta ce a ba ta buta. Ba don ta matsu ba. Makewayi ne kaɗai wurin da ba a iya arowa daga maƙwabta.

Gwaggo ta nemi buta. Ina lura da uwar yarinyar. Ba ta yi rawar jiki ba, ba ta ƙifta wa kowa ido ya riga mu da tsintsiya ba. Ta cika buta ta miƙa ta ce, "Hajiya, bangon ya faɗi da ruwan bana, zana muka kewaye da ita kafin Allah Ya hore. Ki bi ta dama, hagun akwai tubali." Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Da Gwaggo ta dawo ni ma na ce zan zaga, don in gani da idona. Bango kuwa ya faɗi, ga tubalin an tattara gefe guda. Tsohuwar zana ce aka ɗaure da igiya. Amma ƙasa a share take, an barbaɗa toka, bakin masai da murfinsa, ga ɗan guntun sabulu a kan dutse, kuma ban ga ƙuda ko ɗaya ba.

Muna fitowa hanyar tasha na fara zuba. Na ce gidan da ko bangon makewayi babu, ina yaron nan zai kai mu? Gwaggo ta tsaya cak a tsakiyar hanya, har mai kura ya kusa buge ta. Ta ce, "Ke bango kika zo nema wa ƙanenki? Ruwa ya ka da bango, ba su suka ka da shi ba. Tokar nan fa, ita ma ruwa ne ya barbaɗa ta?" Muka ƙarasa tasha. Muna cikin mota take gaya mini ta ga abin da ta zo gani. Abin da ke hannunsu sun yi shi. Abin da ya fi ƙarfinsu ba su ɓoye mana ba, ba su kuma zaunar da mu suna yi mana kuka a kansa ba. Yarinyar nan ita ce Anti Rabi, wadda kike cewa duk dangi ba mai tsaftarta. Da tawa aka bi, da ba ki taɓa ɗanɗana dambun da kike gudu Zurmi dominsa duk hutu ba.

Yanzu ki dubi makarantarku. Ta shimfiɗa wa baƙi sabuwar tabarma, kuma ba laifi ba ne. Ta ma fi gidajen da nake faɗa, don laburaren nan da ɗakin gwaje-gwajen ba aro ba ne, nata ne, kina shiga kina karatu a ciki. Ki nuna su da fara'a, kanki a ɗage, don gaskiya kike nunawa. Famfon da ya bushe shi ma gaskiya ne. Gida ɗaya yakan ƙunshi duka biyun. Namu ma haka yake. Muna da ɗiya a jami'ar da duniya ta san da ita, kuma har yau Babanku ba ya zuwa gonarmu ta wajen Sakajiki sai ya tambayi labarin hanya. Wannan bai hana ni guɗa ba, guɗar kuma ba ta sa na ce hanya lafiya lau take ba.

Ga abin da nake so ki yi. Kada ki jira ranar biki. Ki je tun yanzu wurin matar nan da ke kula da ɗakunan kwananku, ko wadda ta tara ku, duk wadda ta fi sauƙin gani. Kada ki je ke kaɗai, ki ja Jamila, amma ki gaya mata ta bar wayarta a ɗaki, kuma ke za ki yi magana. Ki rusuna ki gaishe ta kamar yadda kike gaishe ni in kina son wani abu. Ki fara da yi mata barka, don ita ma ranar murnarta ce. Sannan ki gaya mata za ki bi da baƙi inda aka ce, ba za ki karkata ko'ina ba, ba kuma za ki tayar da maganar ruwa ba. Amma in wata baƙuwa ta tambaye ki da bakinta, ba za ki iya cewa komai lafiya ba, don an hana ki ƙarya a gida, shi ya sa kika zo ki gaya mata tun da wuri kada ta tsinci maganar a wani wuri. Ki roƙe ta ta kai kukanku sama, ko tankar ruwa ce a riƙa kawo muku kafin a gyara famfo. Lokacin biki kunnen manya a buɗe yake. Mutanen da suka samu fentin shafa wa duwatsu ba za su rasa yadda za su yi da tanka ba, in an gaya musu a ɗaki, cikin ladabi, ba a gaban jama'a ba.

Tana iya jin haushi ta cire ki daga masu zagayawa da baƙi. In ta cire ki ki ce na gode, ki koma cikin 'yan kallo ki yi tafinki. Ba a taɓa korar ɗalibi don ya ce ba zai yi ƙarya ba, kuma wannan ba ya cikin sharaɗin Baffa. In ma ya ce yana ciki, a kan wannan kam ni zan yafa mayafi in je Shinkafi da ƙafata.

In kuma an bar ki, wata ta ja ki gefe kamar yadda aka ja ni, ki amsa mata irin amsar matar Zurmi. Famfonmu ya lalace, muna ɗibar ruwa a waje, hukuma ta san da maganar, muna jiran gyara. Ki tsaya nan. Kada ki ɓata fuska, kada ki yi habaici, kada ki ƙara gishiri don ki burge, ko ta nan ko ta can. In mai neman abin riƙewa ce, kin ba ta.

Saura toka. Wannan taku ce, ba ta shugaban jami'a ba. Kin ce makewayi ba ya shiguwa, na yarda rashin ruwa ne rabin abin. Ɗaya rabin kuwa na san shi, don ni na haife ki, ni na sha fama da ke a kan wanke-wanke. Kowace cikinku tana toshe hanci ta fito tana zagin hukuma, tana jiran wata ta ɗauki tsintsiya. Hukuma ce ke zubar da leda a kwata? Ku da kuke da ƙarfin jera bokitai don bidiyo kuna da ƙarfin haɗa kai ku raba aiki ɗaki ɗaki. Ruwan da kuka yi wanki da shi kada ku watsar a tsakar gida, ku tara don wanke wurin. Toka kuwa ku roƙi masu dafa abinci a bakin makaranta, kyauta za su ba ku, su ma neman inda za su zubar suke. Ki fara da kanki, kada ki tsaya ba da umarni da yatsa kamar ɗiyar sarki. Kuma ba don baƙi za ku yi ba. Tokar matar Zurmi ba ta ranar ba ce, Gwaggo ta duba, har cikin lungu ta kama ƙasa.

Maganar anko kuma, na ga hoton atamfar, ta yi kyau. Ki gaya wa tela ɗiyar mutane zai ɗinka wa, ba matashin kai ba, ya bar wurin numfashi. Ki yafa babban mayafinki. In an kawo abinci kada ki cika faranti kamar wadda aka sako daga kurkuku. In kina yi wa baƙi Turanci ki yi da bakin da Allah Ya ba ki, ban da ta hanci. In azahar ta yi kina tsakiyar zagaye, ki nemi izini ki je ki yi sallarki, jerin duniya zai jira.

Katin gayyatar iyaye da kika turo a wayar Babanku ya iso. Shi ya ce ba zai iya barin dawa a wannan lokacin ba, ni kuma na ɗauka shi ke nan, sai dai mu ji a rediyo. Sai ga Baffa da kansa daga Shinkafi. Ya zauna a zauren nan, kan buzun da ya zauna ran da ya ce ba za ki je ba, ya ce abin kunya ne a kira iyaye a ga ɗiyarsu tsaye ita kaɗai kamar marainiya. Ya ce in ƙanensa ba shi da lokaci shi yana da shi, ni kuma in shirya, shi zai kai ni. Za mu fita da rana tsaka, lokacin da motoci suka yi yawa a hanya, mu bi ayari, Allah Ya tsare. Har ya kai babbar rigarsa wurin mai bugu. Don haka ki sani, duk abin da zai faru ranar ba a waya Baffa zai gani ba, yana zaune a wurin da hularsa.

Kaka ta ce sai an je da ita, da ƙyar aka lallashe ta saboda ƙafar. Ta buɗe adakarta ta ciro zanen da ta ce ta ajiye don ranar aurenki, ta ba ni ta ce in ɗaura, wai kada in je in kunyata ta gaban mutanen duniya. Matar da ta taɓa ajiye ƙwarya ta fita saboda bakina. Na karɓa na shiga ɗaki, don kada Maryam ta ga idona.

Luba, ban taɓa taka jami'a ba. Da na gama sakandare na so in wuce, Allah bai nufa ba, kuma ban taɓa yi wa kowa ƙorafi ba. Yanzu ga shi zan shiga ta babbar ƙofa, da kati a hannu, ɗiyata ce za ta nuna mini hanya. Tun da Baffa ya tafi nake kama kaina ina murmushi a gaban murhu. Zan zauna inda aka zaunar da ni, zan tafa inda ake tafawa, wataƙila ma guɗar ta sake kufce mini, don haka ki shirya jin kunya. Zan bi ki laburare in ga littattafan nan da idona, in taɓa su in an yarda.

Amma in an gama, an ci an sha, ki tuna ni ma baƙuwa ce kamar kowace baƙuwa, kuma a hannun Gwaggo Hassi na tashi. Zan gyara zama in ce a ba ni buta. Kada ki kai ni na ofishin manya. Inda kike zagawa kullum za ki kai ni. Ko famfo yana zuba ko ba ya zuba, wannan tsakanin masu makaranta ne da Allah, ba zan tuhume ki a kai ba. Toka zan duba, har cikin lungu.

Allah Ya yi miki albarka, Ya tsare bakinki daga ƙarya da wulaƙanta mutane, Ya tsare ki daga sharrin abokai da sharrin waya. Allah Ya ƙara ɗaukaka makarantarku, Ya saka wa malamanku da alheri, Ya kawo muku ruwa. Allah Ya ba ƙasarmu lafiya, Ya buɗe hanyoyinmu, Ya kawo mu gare ki lafiya Ya maido mu lafiya. Ga ƙuli-ƙuli da yaji nan cikin ƙunshin da na haɗo da takardar nan, rabi na Jamila ne, ki gaishe ta, ki ce ina son ganinta. Babanku da Kaka da ƙannenki suna gaishe ki.

Ki cika butar tun da safe.

Wassalam,
Mahaifiyarki, Inna.